Gemun Lamine da Wasan Ƙanƙara

Glenwood, Greensboro
17 ga Maris, 2008

Zuwa ga taubashiyata, Yaya Hindou, a Maradi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Gwaggo? Ni lafiyata ƙalau, sai tarin da ya kama ni wancan makon, shi ma citta da zuma sun kore shi. Aiki yana nan yadda kika sani, lodin kujeru da gadaje cikin manyan motoci tun safe har bayan mutum ya ce ya isa.

Wannan takarda za ta zo miki ta hannun Abdoul-Aziz, wanda muke haya gida ɗaya. Gobe zai taso gida hutun wata guda. Na ba shi man zafi na Gwaggo, da agogon hannu na Saadatou, da hotona guda ɗaya. Ke za ki kai mata da hannunki. Ki gaishe mini da mahaifinta Malam Zabeirou, ki ce masa ina nan kan maganarmu, bayan damina in Allah ya yarda zan zo a ɗaura.

To kafin ki ga hoton ki saki salati, bari in riga ki. E, gemu ne. Na san bakinki, za ki ce bunsurun Gwaggo ya samu biza. Ki yi dariyarki ki gama, sannan ki saurara.

Na taɓa ba ki labarin wasan nan da ake yi a kan ƙanƙara, kika ce ƙoshi ne ya yi wa Turawa yawa. Hoki ake ce masa. Mutum shida-shida, kowa da takalmi mai wuƙa a ƙasa da sanda mai lanƙwasa, suna korar wani ɗan baƙin faifan roba da bai fi murfin gwangwanin tumatir ba, har su jefa shi raga. Malachy ne ya jefa ni ciki, wani dattijon Bature da muke lodi tare. Shi tun ƙungiyar jiharmu tana wasa nan bayan unguwarmu yake bin ta, lokacin da kujeru suka fi 'yan kallo yawa, kafin ta koma Raleigh. Ran da ya fara kai ni, don in taya shi tuƙi kawai na je. Yaya, ban san lokacin da na miƙe tsaye ina ihu ba.

Yanzu kakar wasa ta zo ƙarshe. Ƙungiyar da ta ƙare a saman rukuninmu ita ke da tabbacin shiga zagayen kofi. Mu ne a sama, amma 'yan Washington sun taso mu a gaba, kullum ka buɗe jarida sun ƙara matsowa. Al'adar mutanen wasan nan kuwa, in aka shiga irin wannan hali ba a sa reza a fuska. Shekarar da muka ci kofi, ni da Malachy ba wanda ya yi aski. Bara na aske saboda hoton fasfo, ko zagayen ba mu shiga ba, Malachy ya yi mako guda yana miƙo mini kaya ba ya kallona. Shi ya sa bana tun Janairu muka tafa, ni da shi: ba aski sai mun shiga.

Wandon da za ki gani a nannaɗe, ranar Malachy ya kai ni in gwada takalmin ƙanƙarar ne, ƙasa duk ruwa. Faɗuwar da na sha ba ta ƙirguwa.

Labarin gari kuma, jiya Lahadi mutanenmu suka yi Maulidi a zauren da suka saba haya can gabashin gari, an ce shinkafa da naman rago har aka bar saura. Ni dai bana ban je Maulidi ba, ya faɗo ranar wasa a Raleigh, ga tikiti a hannu. Mun lallasa su, har yanzu muryata ba ta dawo ba. Wannan kada Gwaggo ta ji.

In za ki ba ni amsa, ki kai wa masu faks na bakin kasuwa su turo shagon Alhaji Zubair, can nake karɓa. Katin waya ba ya barin mutum ya gama gaisuwa.

Ƙanenki,
Lamine

*

Maradi
24 ga Maris

Lamine,

Muna lafiya. Ƙafar Gwaggonka da sauƙi, man ya karɓe ta. Zafi ya kankama, kuran kuma, wutar lantarkin nan tamu, sai ya ga dama yake zuwa. Na gajarta gaisuwa don raina a ɓace yake.

Abdoul-Aziz ya sauka ran Alhamis, bai tako gidana ba sai Asabar. Kafin nan ya riga ya je gidan Malam Zabeirou da ƙafarsa, ya miƙa agogo, ya miƙa hoto, a zaure, gaban mutanen da suka zo wazifa. Ka san Malam muƙaddami ne, gidansa ko tukwanen Maulidi ba a gama wankewa ba. Ka kuma san abin da ya samu babbar 'yarsa Ibtissam, wadda mijinta ya koma Izala ya hana ta leƙa gidan ubanta duk ranar da ake zikiri. Tun daga nan Malam ya ce ba ya ƙara ba da 'ya ga wanda zai raba ta da gida. Ni ba ruwana da rigimar malamai, kowa na gaisawa da shi, amma kai da ke neman 'yarsa ya kamata ka riƙe wannan a kanka.

Aka bi da hotonka hannu-hannu. Gemu ya cika fuska, wando a ɗangale sama da idon sawu. Malam ya ce da Abdoul-Aziz, “Yaron nan ya canza ne?” Ka san abin da ɗan banzan ya yi? Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, shi ya fi ƙona mini rai. Ya sunkuyar da kai kamar na Allah ya ce, “Ni Malam ba ni shiga abin da ba ruwana. Gemu dai tun Janairu ya ce ba mai taɓa mai shi. Kullum yana hanyar Raleigh wurin taronsu, dubban mutane. Maulidi ko na ce mai mu tahi, ya ce yana da abin da ya hi shi.”

Da labari ya iso ni, na fizgi takardarka na fita, ko mayafi ban daidaita ba. Na iske Malam a tsakar gida da iyalinsa, na ce ga bakin yaron nan, bari in karanta maka. Ina ta zubawa, sanda mai lanƙwasa, Bature, tafa hannu, har na ga fuskarsa ta fara sakewa. Ina cikin gudu sai ga ni a kan “bana ban je Maulidi ba”. Kafin in taka birki magana ta riga ta fita. Har akuya ta daina tuƙa. Kai ma da wautarka, abin da ba a so Gwaggo ta ji shi ake rubutawa?

Ga abin da Malam ya ce, kalma-kalma. “Hindou, gemu sunna ne, ga nawa nan kina gani. Ba shi nike ƙi ba. Amma kin ce na wasa ne, wancan ya ce na aƙida ne, ni kuma ban san Amirka ba. In na wasa ne, abin wasa ba ya da wuyar cirewa. Ya aske, ya aiko in gani.” Hajiya Kouloussoum ta can wurinku za ta taso ƙarshen watan nan, to a hannunta yake jiran hoton.

Da zan fita Saadatou ta biyo ni har soro. Idonta ya yi ja. Ta ce ita ba ta yarda da maganar Abdoul-Aziz ba ko na minti ɗaya, ta san ka. Ta ce, “Ki ce mai kar ya yi don Baba. Ni na roƙa. Ya aske don ni.” Ga saƙo na isar.

Abdoul-Aziz kuma na tare shi na tambaye shi me ka tsare masa. Wai a Janairu ka ce za ka ɗauke shi a tashar bas ta tsakiyar gari, ka bar shi cikin sanyi har yatsunsa suka daina motsi, don an ƙara wa wasanku lokaci ba ka iya tashi daga gaban talabijin. Ko gaskiya ne, wannan bai kai a rushe wa mutum aure ba. Ya zauna a gidana ko ruwa ban ba shi ba, kuma ban gama da shi ba.

Ka aske yau ɗin nan, mu sallami Malam. Abdoul-Aziz ka bar mini shi.

Yayarka,
Hindou

*

Glenwood
26 ga Maris

Yaya Hindou,

Ina gaisuwa. Na ji daɗin ƙafar Gwaggo. Ni lafiya nake in ban da barci da ya ƙaurace mini.

A shagon Alhaji Zubair na karanta takardarki, tsaye tsakanin buhunan shinkafa. Sai da ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na ce tukuna.

Abdoul-Aziz ɗin nan ni na ɗauko shi daga filin jirgi da 'yar jakarsa. Ni na koya masa shiga bas, ni na kai shi ya samu aikin da yake taƙama da shi. Tukunyata yake ci, bargona ya rufa da shi sanyinsa na farko. Ran da zai tafi ni na ɗaure masa akwati, ya rungume ni ya ce, “No problem, bros, saƙonka ya isa.” Ashe da wuƙa a aljihu. Maganar tasha kuwa, mutum da ƙafafunsa, ga bas na tashi kowane lokaci, ga kantuna a buɗe a Elm Street da zai shiga ya ji ɗumi. Ya zaɓi ya tsaya a waje don ya samu abin riƙewa.

Ina dawowa gida na kwashe kayansa kaf, na zuba cikin baƙaƙen ledojin shara, na jibge a rumfar baya inda ruwa ke ɗiga. Na canza kwaɗon ƙofa. Ɗaliban da ke haya kusa da mu suna zaune a baranda suna kallona, ɗaya ta tambaye ni ko tashi nake. Na ce wani ne ya tashi, shi ne bai sani ba tukuna. Amma wannan bai huce mini ba, Yaya. A Maradi ya zubar da ni, a Maradi nake so ya zube.

Don haka ki saurara da kyau. Ba zan aske ba. Idan na aiko hoto da fuska fes, duk garin cewa za a yi Abdoul-Aziz gaskiya ya faɗa, an kama Lamine ya tuba. Har in mutu ana nuna ni ana cewa ga wanda ya shiga ya fito saboda mace. Shi kuma ya dawo nan yana yi mini murmushin mai gaskiya. Wallahi ba zai samu wannan ba.

Ga abin da za a yi. Ranar Lahadin nan ta Maulidi, Malachy ya tafi da kyamararsa ya sa aka ɗauki komai, tun daga wurin ajiye motoci har aka tashi. Na sa ya juye mini a faifan bidiyo. Shi zan ba Hajiya Kouloussoum. Ki nemo na'ura, ki tara gidan Malam gaba ɗaya, ki tabbata Abdoul-Aziz na zaune a wurin. Su ga taron da idonsu. Su ga dubban mutanen da yake faɗa. Sannan a waiwaya a dube shi.

Da na ba Malachy labari a wurin aiki, ya ajiye kujerar da ke hannunsa ya ce, “Lamine, ka je ka aske. Ni zan riƙe mana da nawa.” Tsohon kirki ne, amma bai san mutanenmu ba. Kuma ban manta da bara ba. Washington sun sake ci, tazarar ta zama kamar zare. Yanzu ne zan sa reza?

Ki ce wa Saadatou saƙonta ya shiga raina, na gode da ba ta yarda da shi ba. Ta yi haƙuri, abin ya kusa ƙarewa.

Lamine

*

Maradi
28 ga Maris

Lamine,

Lafiya muke, sai ƙaramin yarona da haƙori ke damu.

Dabarar faifai ta yi mini, ba zan ɓoye maka ba. Har na aro na'ura wurin maƙwabcinmu mai gyaran rediyo, na kuma shirya yadda zan jawo Abdoul-Aziz, zan ce Hajiya ta zo masa da saƙo. Ina ɗokin ranar kamar Sallah.

Amma ka sa hoton cikin ambulan ɗin, kai! Faifai na Abdoul-Aziz ne, hoto na Saadatou ne, me ya hana ka aiko duka biyun? Baturen ma ya fi ka hankali, shi da ya haɗa ka da camfin ya sake ka. Gashin haɓarka ne ke riƙe sanda a filin? Yarinyar nan ta zo gidana har sau biyu, wai ta zo aron turmi, gidansu da turame uku. Ban gaya mata ka ƙi ba. Na ce faks ɗin ne bai fito da kyau ba, rabin rubutun ya goge.

Hajiya ba ta taso ba tukuna. Kana da reza.

Hindou

*

Glenwood
31 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa, Allah ya ba yaro lafiya.

Hajiya ta tashi jiya, faifai na cikin jakarta. Hoto babu. Kin cika tsoro, ke da na sani ba haka kike ba. Wasan ƙarshe ran Juma'a ne, a gidanmu, kuma da ƙungiyar da tuni ta fita, ba abin da take nema. Mu ci su, mu shiga, ran Asabar in aske kowa ya huta. Mace da ta jira ni shekara biyu ba za ta kasa jiran mako ɗaya ba.

Ki zaunar da Abdoul-Aziz a gaba, kusa da Malam, inda ba hanyar sulalewa. In da hali a kira kawunsa na Sabon Gari shi ma. Ki kalli fuskarsa da kyau saboda ni, ina son in ji komai, har yadda ya haɗiye yawu.

Lamine

*

Glenwood
6 ga Afrilu

Yaya Hindou,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Ni jikina lafiya. Garin nan duk ya yi rawaya da garin furen itatuwa, mota ka wanke da safe kafin azahar ta koma kamar an barbaɗa mata kurkum, ina ta atishawa.

An fitar da mu.

Ban san yadda zan gaya miki ki gane ba. Filin ya cika har ba wurin sa ƙafa. Yaranmu suka yi ta harbi, suka yi ta harbi, mai tsaron ragarsu ya zama bango. Su kuma da sun zo sau ɗaya sai ta shiga. Ci ɗaya tak ya raba mu. Da aka busa ƙahon tashi, mutum dubu goma sha wani abu suka fita ba ka jin komai sai takun takalma. Muka kamo hanyar Greensboro ni da Malachy, ko rediyo bai kunna ba. Jiya kuma Washington suka ci nasu, suka haye kanmu a rana ta ƙarshe, bayan mun yi watanni a sama. Ni na san bakin wa ya kama mu. Tun ran da mutumin nan ya buɗe baki a zauren Malam ƙungiyar ba ta ƙara tsayawa daidai ba.

Yau da safe na aske. Sai da almakashi ya fara kafin reza ta iya shiga. Fuskata ta fito fari-fari kamar ta mai jinya, ni kaina ban gane ta ba. Na sa farar shaddata na je aka ɗauke ni hoto, gobe zan sa shi a gidan waya na gaggawa tare da wannan takarda. Ki kai wa Malam ya gani, sannan ki ba Saadatou ta riƙe. Kin ga, ga faifai ga hoto, duka biyun da kike ta faɗa.

Abu ɗaya ya rage mini in ji daɗinsa a watan nan, shi ne labarin Abdoul-Aziz. Na leƙa shagon Alhaji Zubair har ya fara yi mini dariya, ba faks. Me ya riƙe ki? Kuran ne? Ki rubuto, kada ki rage komai.

Ƙanenki,
Lamine

*

Maradi
16 ga Afrilu

Lamine,

Ina gaishe ka. Muna lafiya, haƙorin yaro ya fito, Gwaggonka har kasuwa ta je da ƙafarta. Ba kuran ne ya riƙe ni ba. Na zauna zan rubuta ya fi a ƙirga ina tashi. Ka ce kada in rage komai, to ba zan rage ba.

An yi ran Asabar bayan la'asar. Na sa aka fito da talabijin ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Malam na kan buzunsa, mata da yara a baya, maƙwabta har kan katanga. Kawun Abdoul-Aziz ya zo. Shi kuma ya shigo da sabuwar shadda yana baza turare, yana tambayar ina saƙonsa. Na ce zauna nan kusa da Malam, yanzu za ka gan shi.

Aka kunna. Farko motoci, da Turawa suna gasa nama a bayan motocinsu, ban tambayi na mene ne ba. Sai ga ka. Lamine! Jar riga har gwiwa, rabin fuska jan fenti rabi baƙi, gemu a tsakiya kamar tsintsiyar da ta sha aiki. Yara suka fashe. Aka shiga fili, ga mutane kamar Arfa, ga ƙattai suna sulu a kan ƙanƙara suna maka juna da bango. Da abin ya shiga raga wani ƙaho ya yi ƙara sai da kaji suka watse. Kai kuma ka yi tsalle, ka ɗaga tsohon Baturen nan sama, kana ihu, hawaye na bin gemu.

Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da aka kawo ruwa. Ya ce, “Wannan ko 'yan Izala aka kai ma, ba su karɓa tai.” Sannan ya goge ido ya juya. Ka so ka ga wurin nan. Ya ce, “Abdoul-Aziz, wannan shi ne taron?” Ya ƙara da cewa, “Ran da na tambaye ka a zaure, ka san haka ne?” Abdoul-Aziz ya fara wai shi ai bai ce komai ba. Malam ya ce, “Shi ne laihinka. Ka san gaskiya, ka bar ni in zargi bawan Allah, ka ci tuwona ka tashi. Hita mini daga gida.” Kawunsa ya cire hula ya rufe fuska. Abdoul-Aziz ya miƙe ya rasa takalminsa ɗaya, yara sun ɓoye, haka ya fita yana ɗingishi suna bin sa suna busa ƙaho da baki. Ni kuwa na rangaɗa guɗa, ban ji kunyar kowa ba. Tun ranar bai ƙara zama majalisa ba, an ce ya matso da ranar komawarsa. Ka rama, Lamine. Ka rama har da riba, ni shaida ce.

Malam ya ce magana tana nan yadda take, a gaya maka ka rage hauka kawai. Na juya in yi wa Saadatou barka.

Tana can ƙarshen tabarma. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba, ni kuma daɗi ya rufe mini ido ban lura ba sai lokacin. Ta ce a mayar mata wurin da kake kuka. Aka mayar. Ta kalla har ya wuce. Da mutane suka watse ta ja ni ɗakinta ta ce, “Yaya Hindou, ba hoto cikin saƙon?” Na ce babu. Ta ce, “Roƙona ya kai gare shi, ko shi ma ya goge a faks?” Na duba idonta na kasa ƙara yi mata ƙarya. Na ce ya kai. Ta ce, “Mi ya ce?” Na ce ka ce ta jira a gama wasa.

Ba ta yi kuka ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce, “Da Izala ya shiga, sai in ce don Allah ya ƙi ni, in yi haƙuri in bi shi, ko Baba bai so. Shekara biyu ban taɓa roƙonshi komi ba. Abu guda na roƙa, wanda ke sake tsirowa.”

Washegari da kanta ta samu Malam, ta ce ta fasa auren. Ya lallashe ta, uwarta ta yi faɗa, ni na yi sawu har ƙafata ta gaji. Malam ya ce shi bai taɓa tilasta 'ya ba, ba zai fara da ita ba. Ran Talata gwaggonta ta dawo da kayan sa-rana gidanmu, ko ƙullin goro ba a kwance ba. Suna ɗakin Gwaggonka, ta rufe su da zane don ba ta son ganinsu.

Hotonka ya iso shekaranjiya. Ka yi kyau, farar shaddar ta karɓe ka. Na ce bari in gwada ta ƙarshe, na ɗauka na tafi. Na iske Saadatou tana tankaɗe. Ta goge hannu ta karɓa, ta daɗe tana dubawa, har zuciyata ta fara sa rai. Sai ta ce, “An hidda su daga wasan ko?”

Na ce e.

Ta miƙo mini hoton ta ce, “To ba don ni ya aske ba.” Ta koma kan tankaɗenta.

Yayarka,
Hindou